Jikar Mai Wankan Gawa

Na ga sharhinku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in da ita ce ni, ko ilimin dafa shayi aka ce ta karanta za ta karanta, muddin za ta samu miji irin Zaharadden. 'Yar uwa, Allah ya ba ki naki. Ni dai ku gyara zama ku ji abin da ya faru ranar Juma'ar da mahaifiyarsa ta zo ganina, sannan ku yanke mini hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Bashira. A Jidda aka haife ni, a unguwar Ammariyya, cikin wani tsohon bene da matakalarsa ba ta rabo da ƙamshin soyayyar albasa da turaren wuta. Asalinmu Hausawan Sudan ne, daga Mai Wurno kakata ta taho da Abbana a goye. Na gama shekarar share fage a kwalejinmu, kuma ba yabon kai ba, sakamakona ya yi kyan da har wata malama ta kira ni ofis tana tambayar wace sakandare na fito. Tsarin kwalejin shi ne, bayan share fage kowa zai zaɓi sashen da zai yi digirinsa na farko, daga nan mai son likitanci ya nema. An buɗe shafin zaɓin, ranar Lahadi za a rufe.

Ni na san abin da nake so. Tashrihi, wato ilimin sassan jikin ɗan'adam, inda ake tsayawa a kan gawa a koyi jijiya da tsoka da ƙashi ɗaya bayan ɗaya. Ita ce miƙaƙƙiyar hanya zuwa likitanci. Gida kuwa an haɗe kai a kan ilimin abinci da gina jiki: gajere ne, mai tsafta, ki zauna a ofis cikin sanyin na'ura kina gaya wa masu teɓa su rage shinkafa. A baki ana cewa daga can ma za a iya neman likitanci, amma ni da ku mun san wadda ta shiga can da aure a gabanta ba ta waiwayowa.

Abba, wanda ke kula da wani sito a tashar jiragen ruwa, magana ɗaya yake maimaita mini. "Ya binti, 'yata, mu baƙi ne ko da a nan aka binne cibiyarki. Mai zama da iƙama, takardar baƙo, ba ya dogon shiri. Ki ɗauki abin da zai ƙare da wuri, ga yaron kirki Allah ya kawo."

Yaron kirkin shi ne Zaharadden. A kamfanin fiton kaya yake aiki a tashar, kuma Abba ne da kansa ya fara kawo shi gidanmu cin abinci, wai don ya ga yana yawan cin burodi da wake a tsaye. Dogo ne, mai sanyin magana, yana jin Hausa ras amma in zai mayar sai ya yi ta cusa Larabci kamar mai toshe ɓarakar kwano. Ina sonsa. Na faɗa tun a farko don kada wata ta ce taurin kaina daga rashin so ne.

Ranar Alhamis da yamma ina guge mayafi saƙonsa ya shigo.

"Bukra Mama za ta zo cin abincin rana. Kin shirya?"

"Tun bara nake a shirye."

"Ba wasa nake ba. Za ta tambaye ki karatu. Ki ce abinci, halas."

"In na ce abinci, ranar Lahadi kuma in danna me?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Can ya turo: "Bashira, tun rasuwar ƙanwata Najwa, Mama ba ta son jin kalmar gawa. Ko motar asibiti ce ta wuce sai ta toshe kunne. Kuma min fadlik, don Allah, kada maganar aikin Habboba ta taso."

Na ajiye dutsen gugar na zauna a bakin gado, don a nan gizo ke saƙar.

Habboba ita ce kakata Fatu, haka muke kiran kaka a bakin mutanen Sudan. Aikinta wankan gawa. Duk macen da ta rasu a cikin mutanenmu, daga Ammariyya har inda ƙafa za ta kai, ita ake kira zuwa magsala, ɗakin wankan da ke bayan masallaci. Ba a biyanta, ba ta nema. Tana da wata koriyar jaka da take zuba ganyen magarya da kafur da auduga da safar hannu, kuma duk gidanmu babu mai taɓa jakar nan. Ummi, mahaifiyata, in za ta yi shara sai ta sa tsintsiya ta ture ta gefe. Matan da Habboba ta wanke musu iyaye su ne dai in sun haihu ba sa son miƙa mata jariri, wai hannunta da sanyi. Ita ko a jikinta, sai ta yi dariya ta ce, "Ku bar shi, duk za ku taho, ina nan ina jira."

Zaharadden ya san wannan. Abin da bai sani ba shi ne, tun ina 'yar shekara goma sha biyar ni ce mai zuba wa Habboba ruwa. Ranar da mai taimaka mata ta koma Sudan ta dube ni ta ce, "Ke ba ki da tsoro, ba ki da surutu, taso." Ummi ta yi ta faɗa, Abba ya ce ba zai hana uwarsa ba, amma kada maganar ta fita. Haka nake rufe fuska da niƙabi in bi ta, in dawo in yi wanka in ɗauki littafina.

A can na fara son likitanci. Kada ku tambaye ni me na gani, don ba zan faɗa ba, ko ku ba zan gaya wa ba. Iyakar abin da zan ce, na ga mata da yawa da suka zo hannunmu alhali da sun je hannun likita da wuri, wataƙila da yanzu suna gida suna tuƙa tuwo. Wata tsoron a tambaye ta takarda ya hana ta zuwa, wata kunyar namiji ya duba ta, wata ba ta da harshen da za ta faɗi inda ke mata ciwo. Na gaji da zama ta ƙarshe da ke taɓa su. Ina so in zama ta farko.

Dokokin Habboba ba su da yawa. Abin da ido ya gani a magsala, a magsala yake kwana, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ba a taɓa mamaciya sai an yi mata magana, don a cewarta baƙuwa ce, kuma ba a afka wa baƙo. Sannan in kin haɗu da danginta a kasuwa ko a biki, ba ki san su ba. "Mutum ba ya son ganin fuskar ranar da ta fi masa ɗaci tana yawo a gari," in ji ta. "Mu ba ma tunawa."

To ga inda maganar ta ɗaure. Shekara biyu da suka wuce, da sanyin hunturu, aka kira Habboba zuwa wata magsala a unguwar Bani Malik saboda mai wankan can ta yi tafiya. Budurwa ce, ba ta fi ni da yawa ba, mai gashi har gadon baya. Mahaifiyarta ta dage sai ta shiga. Ta tsaya jikin ƙofa, ina fara zuba ruwa ta yanke jiki ta faɗi, mata suka fitar da ita. Ni na yi wa yarinyar kitso uku kamar yadda ake yi. Ban riƙe sunanta ba. Sai bayan mun saba da Zaharadden, wata rana ya nuna mini hoto a wayarsa ya ce, "Ga ƙanwata Najwa, Allah yarhamha." Na kalli hoton na ce Allah ya jiƙanta, na miƙa masa wayarsa. Daga ranar har zuwa Juma'ar nan ko Habboba ban gaya wa ba.

Da asubar Juma'a Ummi ta tashi gidan kamar za a yi baƙon sarki. Aka sauke labule aka sa sababbi masu ruwan zuma, aka shimfiɗa kafet ɗin da ba ya fitowa sai da salla, aka jera matasan kai a jikin bango. Kasko uku na turaren wuta ta kunna, ɗaya a falo, ɗaya a matakala, ɗaya a ƙofar ɗakin Habboba, wai ko da ƙamshin kafur ya ɓuya a wani lungu. Ta dafa shinkafa buhari da kaza, ta yi asida, tuwon mutanen Sudan, da miyar kuɓewa busasshiya, ta aika aka sayo agashe mai ƙuli da yaji, ga sambusa, ga dabino a faranti mai ƙafa.

Sannan ta je ta durƙusa a gaban Habboba tana murza hannu. "Inna, da za ki ɗan huta a ɗaki yau. Kin san ƙafarki. In sun tambaya sai a ce kina barci."

Habboba tana jan carbi, ta dube ta ta saman tabarau. "Zakiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Inna, yau ɗaya dai. Don yarinyar nan."

"Tayyib. Tura mini jakata ciki, tunda ke ba kya ɗauka."

Ni na ɗauko jakar na kai mata. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ummi ba muguwa ba ce, tsoro ne ke cinta, ta ga 'ya'yan maƙwabta da yawa sun tsufa a gida saboda abin da bai kai wannan ba.

Na sa doguwar riga mai launin sararin sama da ɗinkin zare a wuya, na yafa farin tobi, lafayar matan Sudan, wanda Ummi ta ajiye tun aurenta, ɗan kunne ƙarami, kwalli kaɗan, humra a bayan kunne. Lallen hannuna na kwana biyu ya kama ja sosai. Na tsaya a madubi na ce wa kaina, Bashira, yau bakinki ya zama na amarya, eh da a'a kawai. Ku da kuka san ni kun san wannan alkawari bai cika kai la'asar ba.

Bayan an sauko daga masallaci suka iso, mahaifiyar Zaharadden da nake kira Khala Jawahir, da wata ƙanwarta mai yawan kallon labule. Zaharadden ya sauke su ya juya. Khala Jawahir doguwa ce kamar ɗanta, baƙar abaya mai duwatsu a hannun riga, awarwaron zinare siriri, fuska kyakkyawa amma kamar wadda aka daɗe ba a kunna wa fitila ba. Na gane ta tun daga matakala. Na durƙusa na gaishe ta, na sumbaci goshinta, ta ce, "Masha Allah, ya binti, Allah ya yi albarka." Ita ba ta gane ni ba, ta ina za ta gane niƙabi?

Aka sha gahawa, aka yi hirar zafi da tsadar haya da wance da ta aurar da 'yarta. Aka shimfiɗa ledar abinci. Ƙanwar ta ci agashe har tana share hawaye tana ƙarawa. Ni ina gefe ina wasa da cokali. Ana cikin ci Khala ta ajiye nata ta juyo.

"Zahar ya ce mini kin fi kowa a ajinku."

"Ba kowa ba, Khala. Da dai dama."

"Ya ce abinci za ki karanta. Na ji daɗi. Karatu mai tsafta, mace ta dawo gidanta da wuri." Ta gyara zama. "Ba zan ɓoye miki ba, ya binti, don ni ba na magana biyu. Na ji ana cewa masu son likitanci sai sun bi ta wani ɗaki da ake yanka matattu. Ɗana ɗaya ya rage mini. Ba zan iya cin abinci daga hannun da ya taɓa gawa ba. Ba ƙyama ba ce, wallahi zuciyata ce ba za ta ɗauka ba. Wannan kaɗai ne sharaɗina."

Ta faɗi haka da lomar sambusar da ni na naɗe a hannunta.

'Yan uwa, Allah ya sani maganar ta zo mini har maƙogwaro. Jimla ɗaya ce, in na sake ta an gama. In ce Khala, hannun nan da kike gudu shi ya yi wa 'yarki kitso. Da na ga yadda za ta yi da sharaɗin nata. Shaiɗan ya yi ta zuga ni, har na buɗe baki. Sai na tuna wannan ba makamina ba ne. Amanar Najwa ce, ba a ba ni ita don in ci gardama ko in sami miji ba. Na haɗiye, ta wuce da ƙyar kamar busasshen burodi.

Amma ƙarya ma ba zan yi ba.

"Khala, ki gafarce ni. Tashrihi nake so in zaɓa. Likita nake so in zama."

Ƙanwar ta tsaya da tsinken agashe a hannu. Ummi ta yi wata dariya da ba ta kai ciki ba ta ce, "Yarinta ce, Hajiya, ba ta gama shawara ba, Abbanta ma bai..."

"Ta gama," in ji Khala, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Na gani a idonta. Halas, kowa da rabonsa." Ta ture farantin gabanta kaɗan, ta gyara mayafi. Na san ma'anar wannan turewar, ku ma kun sani.

Ummi ta rasa abin kamawa, sai ta ce, "Bashira, yalla, kawo ruwan wanke hannu." Tun da safe ta tsara wannan, wai kada baƙi su tashi zuwa famfo, in zo da buta da tasa in durƙusa in zuba musu irin na mutanen da, a ga tarbiyya.

Na shiga kicin idona na yaji. Na ce a raina shi ke nan, Zaharadden ya tafi, kuma ni na kore shi da bakina. Hankalina ba ya jikina, hannuwana ne kawai ke aiki. Na sirka ruwan, na ɗauko tasa da sabulu da tawul, na dawo na durƙusa a gaban Khala.

Abin da ya biyo baya ban shirya shi ba, wallahi. Hannu ne ya yi abin da ya saba. Na ɗiga ruwan a cikin wuyan hannuna na ji ɗuminsa. Na kama hannunta na dama, na tallafe shi ta ƙasa da tafina, yadda ake tallafar hannun da ba ya iya riƙe kansa. Sannan na ji bakina yana cewa a hankali, "Yi haƙuri baiwar Allah, ga ruwa."

Sai da ruwan ya sauka na ji abin da na faɗa. Rayayyen mutum ba a ce masa haka. Na ɗago.

Khala Jawahir ta ƙura mini ido. Ba fuskata take kallo ba, idanuna kawai, kamar tana rufe sauran da wani ƙyalle a ranta. Ta damƙe hannuna.

"Sake faɗa."

Na kawar da kai.

"Muryar nan," ta ce. "Shekara biyu ina jin muryar nan. Bani Malik. Ke ce yarinyar da ke riƙe da buta."

Ummi ta dafe ƙirji. Ƙanwar ta ce, "Jawahir, ish fi? Me ya faru?" Ba wanda ya kula ta. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon kumfar sabulu a tasa, don ba ni da izinin cewa eh, ba ni da ikon cewa a'a.

Sai muka ji ƙarar sanda. Habboba ce ta fito, da tsohon zanenta da carbinta, ƙamshin kafur na biye da ita duk da kaskon Ummi. Ta zauna a kan kujerarta ba gaggawa ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. An ce ina barci, to na farka."

Khala ta dube ta, ta dube ni. "Ku ne."

"Mu ba ma tunawa, Hajiya," in ji Habboba. "Wanda ya zo hannunmu, ya wuce da sirrinsa."

"Ba sirri nake nema ba, Inna." Har yanzu ba ta saki hannuna ba, sai ma ƙara damƙewa da ta yi. "Abu ɗaya ne. Ɗakin nan sanyi gare shi, na'ura na ta hurawa. Najwa ba ta son ruwan sanyi. Ko a tsakiyar zafin Jidda sai na dafa mata. Ni kuma na faɗi, aka fitar da ni, ban gaya wa kowa ba. Kullum in na buɗe famfo sai in ce na bar 'yata an zuba mata ruwan sanyi, ban ce komai ba."

Na dubi Habboba. Ta ɗan gyaɗa kai ta ce, "Alheri ana faɗa, in mai shi ya tambaya."

Na juya wuyan hannuna na nuna mata inda ɗigon ruwan bai gama bushewa ba.

"Da ɗumi, Khala. A nan na gwada, kamar yadda na gwada miki yanzu. Da ya fara hucewa na sake sirkawa. Har muka gama ruwan sanyi bai taɓa ta ba."

Ban taɓa jin kuka irin wannan ba, kuma ni na ji kuka iri-iri. Ba ihu, ba kururuwa. Ta kifa goshinta a kan hannuna, hannun da ta ce ba za ta ci daga gare shi ba, kafaɗunta na girgiza, hawayenta na gangarowa ta kan lallena zuwa cikin tasa. Ummi na kuka, ƙanwar na kuka ba ta ma san dalili ba tukuna. Ni ban yi ba. Na riƙe butar da ɗaya hannun don kada ta zube, kuma in faɗa muku gaskiya, ban taɓa alfahari da kakata da kaina kamar a wannan lokacin ba.

Da ta natsu na ƙarasa wanke mata hannu na goge da tawul. Ta tashi ta je ta sumbaci kan Habboba. Ba ta ce ta janye sharaɗi ba, ba ta ce yana nan ba. A bakin ƙofa dai ta tsaya ta ce mini, "Me kika ce sunan karatun?"

"Tashrihi, Khala."

Ta maimaita shi a hankali kamar mai ɗanɗana gishirin miya, ta sauka.

Da Abba ya dawo Ummi ta zayyana masa komai, rabi da kuka rabi da faɗa. Ya daɗe yana shafa gemu. Sai ya dubi Habboba ya ce, "Inna, ke kika ɓata yarinyar nan." Ta ce, "Ni na gyara ta, Abdulghani. Kai ma da ka biyo ni da ka fi haka." Ya yi murmushi duk da ba ya so, ya ce da ni, "Hanyar da tsawo, ya binti." Na ce na sani, Abba. Ya ce, "To Allah ya raka." Daga bakin Abba wannan sa hannu ne.

Bayan magariba na ga saƙon Zaharadden ya shigo. Ban buɗe ba. Na fara shiga shafin kwaleji, na nemo tashrihi, na yi bismilla na danna. Na so ya zama na zaɓa kafin in san abin da zai ce, don kada gobe in yi wa kaina ƙaryar cewa izini aka ba ni. Sannan na buɗe.

"Me ya faru a gidanku? Mama ta buɗe ɗakin Najwa, tun rasuwar ba ta shiga ba. Tana ciki tana ninke kayanta."

Wani ya biyo: "Khalti, ƙanwar Mama, ta gaya mini wata magana. Bashira, ke ma kina shiga magsala? Ke ce kika wanke ta?"

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na tura: "Ina shiga, tun ina sha biyar. Sauran tambayar ba ni da amsarta, mu ba ma tunawa. Kuma na zaɓi tashrihi."

Ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Daga nan shiru. Na kifa wayar na je na wanke tukwane, ina wankewa ina jin zuciyata kamar an ɗora mata turmi. Kada ku ɗauka alfahari yana hana ciwo.

Washegari da hantsi wayar Habboba ta yi ƙara. Na san irin kiran tun daga yadda ta ce inna lillahi. Ta leƙo ta ce, "Bashira, ɗauko jaka, an yi baƙuwa." Na zura abaya, na ɗaura niƙabi, na rataya koriyar jakar, muka sauko a hankali saboda ƙafarta, ina tunanin inda za mu sami tasi.

A ƙofar bene motar Zaharadden ce a tsaye. Yana jingine da ita, idanunsa jajur kamar wanda bai runtsa ba, da alama ya daɗe a wurin yana shawarar hawowa. Ya gaida Habboba, ya buɗe mata ƙofar baya. Sannan ya tako zuwa gabana ya miƙo hannu. Na ɗauka wayata yake nufi ko wani abu, sai na ga jakar yake kallo, jakar da uwar da ta haife ni ke turewa da tsintsiya.

Na ce, "Ka san abin da ke ciki?"

"Na sani."

Ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye ta a kujerar gaba, kusa da shi. Fuskarsa ba ta gaya mini komai ba, ba fushi, ba murmushi.

"Wace magsala?" ya tambaya. Habboba ta faɗa masa. Ya tada mota, ya dube ni ta madubi sau ɗaya.

"Ki gama da baƙuwarki tukuna, ya daktora. Ina waje. In kin fito, ni da ke akwai magana."